Almakashin da Ido Ba Ya Gani: Yadda Ake Tsare RNA a Ɗakin Gwaji

 

A wannan mako za mu fara da tambaya. Idan aka ɗebi jinin mutum ko majinarsa aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito cewa ba a ga ƙwayar cuta ba, me wannan amsa take nufi? Yawancinmu za mu ce mutumin lafiyarsa ƙalau. Sau da yawa haka ne. Amma akwai wata fassara ta biyu mai ban tsoro: mai yiwuwa ƙwayar cutar tana nan, sai dai shaidar da ake nema ta lalace kafin ta isa na'ura. Wannan shaida sunanta RNA, kuma tana da maƙiyi wanda yake zaune a yatsunmu da yawunmu da ƙurar da ke kan tebur. Darasinmu na yau a kan wannan maƙiyi yake, da sinadaran da masana suke amfani da su don ɗaure masa hannu.

Kwatar Fagge da cutar shan inna

Kada ku ɗauka wannan magana ta Turai ce ko Amurka. A shekarar 2011 Najeriya ta fara wani sabon salo na farautar ƙwayar cutar shan inna, kuma a Kano aka fara shi. Ma'aikatan lafiya sukan je manyan magudanan ruwan ƙazanta su ɗebi ruwan kwata a cikin kwalba. Daga cikin wuraren da aka zaɓa akwai Gogau a Fagge, da Jakara, da Kurna. Ana saka kwalbar a cikin kula mai ƙanƙara, a aika da ita ɗakin gwajin shan inna na Jami'ar Ibadan.

Dalilin wannan wahala shi ne ƙwayar shan inna ɓoyayyiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne kawai yake samun shanyewar jiki ta dindindin. Sauran suna yawo da ƙwayar ba tare da alama ba, suna fitar da ita ta bayan gida. Wanda ya zauna jiran sai ya ga yaro ya shanye, to ya makara. Ruwan kwata kuwa yana ɗauke da labarin unguwa guda.

A Ibadan ana tace ruwan, a zuba shi a kan ƙwayoyin halitta da ake rainonsu a cikin kwalabe, a jira a ga ko ƙwayar cutar za ta hayayyafa. Idan ta hayayyafa, sai a zo ga babbar tambaya: wace iri ce? Ta daji ce, ko wadda ta samo asali daga ɗigon rigakafi? Ba a gane wannan da ido. Sai an fasa ƙwayar an karanta RNA ɗin da ke cikinta, wanda tsawonsa ya kai haruffa kusan 7,500. Amsar da aka samu ita ce za ta sa hukumomi su tura masu rigakafi unguwa kaza ko su bari. Yaro na ƙarshe da shan inna ta daji ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da irin wannan ƙwayar. A cikin wannan nasara akwai rabon ma'aikatan da suka iya tsare RNA daga lalacewa.

Ba shan inna kaɗai ba. Ƙyanda, da zazzaɓin Lassa, da shawara, da ƙanjamau, da Ebola, da haukan kare, da korona, duk ƙwayoyinsu RNA suke ɗauke da shi a matsayin kundin gadonsu.

Mene ne RNA?

Mu ɗauki misali daga Kantin Kwari. Babban ɗan kasuwa yana da littafin da ya rubuta dukan dukiyarsa a ciki, kuma ba ya barin a fita da shi daga shago. Idan mai saye ya biya kuɗin atamfa turmi goma, sai ya yagi 'yar takarda ya rubuta, ya ba yaronsa ya kai sito. Mai kula da sito ya karanta ya fito da kaya. Daga nan me ya kamata a yi da takardar? A yaga ta. In ba haka ba wani zai tsince ta gobe ya sake karɓar turmi goma.

A cikin ƙwayar halittar jikinmu, DNA shi ne babban littafin. RNA shi ne 'yar takardar da ake kwafo umarni a kanta, a kai wurin da ake haɗa furotin. A shekarar 1961 ne masana, cikinsu har da Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson, suka tabbatar da samuwar wannan ɗan aike. DNA igiya biyu ce a murɗe, mai ƙwari, har ana iya samunsa a ƙasusuwan da suka shekara dubbai a ƙasa. RNA galibi igiya ɗaya ce, kuma a jikin kowane sukarin da ke cikin sarƙarsa akwai ƙarin ƙwayar iskar oksijin guda wadda DNA ba shi da ita. Wannan ɗan bambanci shi ne lagonsa, domin ta nan ake kama shi a tsinka.

To, wa yake yaga takardar? Wani inzayim ne mai suna ribonukiliyes, wanda ake taƙaitawa da RNase.

Inzayim da mai hana shi aiki

Waɗanda suka shiga babban aji sun san inzayim: furotin ne da yake hanzarta wani aiki na sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Mun saba da aikinsa a gida ko da ba mu san sunansa ba. Idan aka naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi, inzayim ne mai suna fafen ya tsinka furotin ɗin naman. Idan mai kunun zaƙi ta zuba niƙaƙƙen dankalin Hausa kunu ya tsinke ya yi zaƙi, inzayim ne ya mai da sitaci sukari. Irin wannan aiki amiles na cikin yawunmu yake yi wa tuwo tun yana baki.

Duk abin da ya tare inzayim ya hana shi aiki, shi muke kira mai hanawa ko matari. Magunguna da yawa haka suke aiki. Asfirin yana toshe inzayim ɗin da ke haɗa sinadaran da suke jawo zafi da kumburi. Wasu magungunan ƙanjamau suna toshe inzayim ɗin da ƙwayar cutar take kwafar kanta da shi. Guba ma haka: fiya-fiya da ake fesa wa sauro tana toshe inzayim ɗin da ke share saƙo tsakanin jijiya da tsoka, shi ya sa take kashe ƙwaro, kuma shi ya sa take da haɗari ga mutum. Ashe dai magani da guba kan bi hanya ɗaya, bambancin yana ga wane inzayim aka tare da kuma yawan abin da aka sha.

Me ya sa RNase ya gagara?

Fagge gari ne na teloli, don haka bari mu kwatanta RNase da almakashi. Wanda aka fi yin nazari a kansa shi ne RNase A, da ake samu daga wata gaɓa ta saniya da ke kusa da tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ɗan ƙaramin furotin ne mai ɗauke da tubalan amino asid 124 kacal. A bakinsa akwai tubali biyu masu suna histidin, na 12 da na 119 a jerin, su ne kaifi biyu na almakashin. RNA ya shiga tsakaninsu, su datse shi, su saki, su kama wani.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani kamfanin sarrafa nama na Shikago a Amurka mai suna Armour ya tace kimanin kilo ɗaya na wannan inzayim ya riƙa raba wa masu bincike. Wannan ya sa ya zama ɗaya daga cikin furotin da aka fi sani a duniya. A shekarar 1972 Christian Anfinsen da Stanford Moore da William Stein suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a kan nazarinsa. Abin da Anfinsen ya gano shi ne, idan aka warware wannan furotin da sinadarai har ya daina aiki, sannan aka janye sinadaran, da kansa yake sake naɗewa ya koma yadda yake ya ci gaba da yanka.

Wannan hali da ya jawo kyautar Nobel shi ne ciwon kan ma'aikacin ɗakin gwaji. Yawancin inzayim idan aka tafasa su sun tashi aiki ke nan, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. RNase A kuwa yana da ƙulli huɗu na sinadarin salfa da suke riƙe da shi kamar maɓallai. A tafasa shi, ya huce, ya farfaɗo. Har tukunyar tururi mai matsi da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita a asibiti, wadda zafinta ke kaiwa digiri 121, ba ta gama da shi duka. Kuma ba ya buƙatar wani mataimaki kafin ya yi aiki, ɗan kaɗan ya isa ya lalata samfuri guda.

Ga shi kuma ko'ina akwai shi. Fatar jikinmu tana fitar da wani ɗan'uwansa mai suna RNase 7, wanda yake cikin garkuwar da ke kare mu daga ƙwayoyin cuta. Yana cikin yawu da zufa da hawaye. Baktiriya da fumfuna da ke cikin ƙura suna da nasu. A jikinmu alheri ne. A cikin kwalbar gwaji kuwa annoba ne. Muddin ƙwayar cuta tana cikin kwansonta, RNA ɗinta yana da kariya. Da zarar ma'aikaci ya fasa kwanson don ya karanta abin da ke ciki, RNA ya fito fili, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanya huɗu ta kwace almakashi

Idan kuna son hana almakashi yanka, akwai dabaru da dama. Masana ma haka suka yi.

Ta farko ita ce dakusar da kaifin. Sinadarin da ake amfani da shi sunansa dayetil fairokabonet, an fi saninsa da DEPC. Yana manne wa histidin ɗin nan na bakin inzayim ya canza masa siffa, almakashi ya zama ba ya ci. Ana zuba mililita ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa, wato kashi 0.1 cikin ɗari, a girgiza, a bar shi ya kwana. Washegari a saka ruwan a tukunyar tururi, DEPC ya tarwatse ya zama iskar kabon dayoksaid da etanol. Wannan mataki na ƙarshe dole ne, domin idan sauran DEPC ya rage zai far wa RNA ɗin da ake son karewa. Ana wanke ruwa da kayan aiki da shi tun kafin a kawo samfuri. Ba a haɗa shi da wani sinadari mai suna Tiris da ake yawan amfani da shi a ɗakin gwaji, saboda suna cinye juna. A da har ana saka DEPC a cikin abin sha don kada ya lalace, amma Amurka ta hana haka a 1972 bayan an gano yana iya rikiɗa ya zama sinadarin da ke jawo ciwon daji. Yau sai da safar hannu, a cikin akwatin da ke zuƙe iska, ake taɓa shi.

Ta biyu ita ce kwance almakashin gaba ɗaya. Wani gishiri mai ƙarfi, guwanidiniyam tayosayanet, yana warware duk furotin da ya tarar, ya mai da shi kamar zaren da aka tsefe. Akan haɗa shi da beta-makaftoetanol, wani ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda aikinsa shi ne ɓalle maɓallan salfa ɗin nan huɗu. A 1979 John Chirgwin da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko suka nuna cewa da wannan haɗi ana iya ciro RNA lafiyayye daga fankiriyas, wato daga gidan RNase kansa. A 1987 Piotr Chomczynski, ɗan asalin ƙasar Folan, da Nicoletta Sacchi, 'yar Italiya, suka sauƙaƙa hanyar har ana gama aikin a cikin kimanin awa huɗu. Ruwan da ake sayarwa da sunan TRIzol daga wannan bincike ya fito. Amfanin wannan gishiri biyu ne a lokaci guda: yana fasa ƙwayar cuta RNA ya fito, yana kuma kashe RNase kafin ya taɓa shi. Shi ya sa akan same shi a cikin ruwan farko da ake zuba wa samfuri. Shi ma yana da nasa haɗarin, domin idan ya haɗu da ruwan bilic yana fitar da iska mai guba.

Ta uku yaudara ce. Akwai wani ƙarfe mai suna banadiyam, lamba ta 23 a teburin sinadarai da kuke haddacewa. Idan aka haɗa shi da tubalan da ake gina RNA da su, sai a sami wani abu mai kama da RNA a daidai lokacin da ake tsakiyar yanka shi. RNase ya gan shi ya cafke, ya kasa yankawa, ya kuma kasa saki da wuri. Kamar a ce an cusa wa almakashi guntun ƙyalle mai waya a ciki. Wannan shi ne irin hanin da littafin bayoloji yake bayani, inda matari da abin da ake yankawa suke gasar shiga baki ɗaya. Matsalarsa ita ce yana iya dagula wasu matakan da ke gaba, don haka akan cire shi kafin a ci gaba.

Ta huɗu ita ce a saka almakashi a kube, kuma wannan daga jikinmu aka koyo ta. Kuna iya tambaya: tunda jikinmu cike yake da RNase, me ya hana shi cinye RNA ɗin ƙwayoyinmu? Amsar ita ce a cikin ƙwayoyin halittarmu akwai wani furotin mai siffar takalmin doki, wanda yake rungumar RNase ya rufe masa baki. Riƙon da yake yi masa yana daga cikin mafi ƙarfi da aka sani tsakanin furotin biyu. Da farko daga mabiyiyar jariri ake tace shi. Yanzu an koya wa baktiriya haɗa shi a masana'anta. Fifikonsa shi ne ba ya cutar da sauran inzayim masu amfani, don haka ana iya zuba shi a cikin kwalbar da ake gwajin kanta. Sai dai shi ba ya jure zafi. Dole a ajiye shi a firiza, kuma idan ya lalace yakan saki RNase ɗin da ya kama. Kuma ba kowane irin RNase yake iya tarewa ba, dangin RNase A ya fi ƙarfi a kansu.

Kun ga ke nan babu guda ɗaya da ya wadatar. DEPC yana share fage tun kafin a fara, guwanidiniyam yana tsaro lokacin fasa ƙwaya, furotin mai kube yana gadi lokacin karatu. Bayan su akwai tarbiyyar aiki: a saka safar hannu a riƙa canza ta, a rufe baki da takunkumi, kada a yi surutu a kan buɗaɗɗiyar kwalba, a gasa kayan gilashi na awowi a zafin digiri 180 ko fiye, a ɗora samfuri a kan ƙanƙara, a adana RNA a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Sanyi ba ya kashe RNase, yana dai rage masa sauri. Ku lura da wani abu: likita yana saka safar hannu don ya kare kansa daga samfuri, mai aikin RNA kuwa yana saka ta har don ya kare samfuri daga hannunsa.

Abin da korona ta koya wa Kano

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, a Legas. A ranar 11 ga Afrilu aka sami na farko a Kano. Wasunku suna firamare a lokacin, amma za ku tuna da rufe makarantu da kasuwanni. Gwajin da ake yi sunansa RT-PCR. Ana saka ɗan tsinke mai auduga a hanci, a jefa a kwalba, a kai ɗakin gwaji. A can a ciro RNA, a yi amfani da wani inzayim da Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970 a juya shi zuwa DNA, sannan a ninka DNA ɗin sau miliyoyi da dabarar PCR wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, har na'ura ta iya ganinsa.

Ku duba inda haɗarin yake. Na'urar PCR tana iya ninka abu kaɗan ya zama mai yawa, amma ba ta iya ninka abin da babu. Idan RNase ya riga ya daddatsa RNA, na'ura za ta ce ba ta ga komai ba. Mara lafiya ya koma gida da takarda a hannu yana murna, ya zauna da kakarsa, ya shiga sahu a masallaci, ya koma shagonsa a kasuwar Sabon Gari. Babu wanda ya yi ƙarya, amma amsar ba gaskiya ba ce. Don gudun haka ne ake saka shaida ta musamman a cikin kowane gwaji, wani abu da aka san dole ya bayyana. Idan bai bayyana ba, ma'aikaci ya san samfurin ya lalace, sai a sake ɗiba.

A Kano an fara gwajin korona a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A ƙarshen watan Afrilun 2020 an dakatar da gwajin na wasu kwanaki, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin kayan gwaji. A lokacin ƙasashen duniya duka suna rububin ruwan ciro RNA, mu kuma daga waje muke sayowa. Ƙara da cewa Afrilu tsakiyar bazara ce, zafin Kano yana kaiwa digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, firiza sai da janareto. Sinadarin da aka ƙera a ƙasa mai sanyi dole ya tsallake duk wannan kafin ya yi amfani. A nan ne kwalaben ɗiban samfuri masu guwanidiniyam suka nuna amfaninsu, domin suna kashe ƙwayar cutar nan take, su kuma adana RNA ɗinta na kwanaki ko babu ƙanƙara.

Duk da haka, 'yan Najeriya sun nuna bajinta. A watan Maris na 2020, cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da abokan aikinta, ta fitar da cikakken jerin haruffan RNA na ƙwayar korona, kusan 30,000, karo na farko a Afirka. Allurar rigakafi ta Pfizer ma RNA ce a naɗe cikin ƙwayoyin kitse, shi ya sa da farko aka ce sai an adana ta a sanyin kusan digiri 70 ƙasa da sifili. Katalin Karikó da Drew Weissman, waɗanda bincikensu ya buɗe wannan hanya, sun sami kyautar Nobel a 2023.

Ku gwada da kanku

Ba za mu iya gwajin RNA a makarantunmu ba, amma za mu iya ganin inzayim yana aiki, mu kuma ga an tsayar da shi. Ku nemi izinin malamin bayoloji, ku yi a gabansa.

Ku dama ɗan sitaci da ruwan zafi ya yi ruwa-ruwa sosai, ku bar shi ya huce. Ku raba shi a kwalaben gwaji uku. A ta farko ku ƙara ruwa zalla. A ta biyu ku ƙara yawu. A ta uku ku ƙara yawun da malam ya tafasa na minti biyar ya huce. Ku ajiye su a cikin ruwa mai ɗumin jiki na kimanin minti ashirin, sannan ku ɗiga ruwan aidin a kowace. Ta farko za ta zama shuɗi mai duhu, alamar sitaci yana nan. Ta biyu ba za ta yi shuɗi ba, ko ta yi kaɗan, domin amiles ya narkar da sitacin. Ta uku za ta yi shuɗi kamar ta farko, domin zafi ya lalata inzayim ɗin.

Kwalba ta farko ita ce shaidarku, irin wadda muka ce ana sakawa a gwajin korona. Ba don ita ba, da ba za ku san ko aidin ɗinku yana aiki ba. Kwalba ta uku kuwa ku dube ta da kyau: da a ce RNase ne a ciki maimakon amiles, da tafasawar ba ta hana shi komai ba.

Ga masu sha'awar wannan fanni

Idan ana maganar asibiti, yawancin ɗalibai likita suke son zama. Amma likita da sakamakon ɗakin gwaji yake yanke hukunci, kuma ingancin sakamakon yana hannun wanda ya riƙe kwalbar. Jami'ar Bayero tana koyar da kimiyyar ɗakin gwaje-gwajen lafiya, da bayokemistiri, da nazarin ƙananan halittu. A jarrabawar JAMB za ku buƙaci Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks. Aikin yana son mai haƙuri da tsafta, wanda zai rubuta lamba daidai a kan kwalba, wanda kuma zai iya cewa a sake gwaji idan shaida ba ta fito ba, ko da kowa yana gaggawa. Waɗannan halaye tun daga ɗakin gwajin makaranta ake koyonsu, wajen wanke kwalba da rubuta abin da ido ya gani ba tare da kwafar na maƙwabci ba. Kuma ƙasarmu tana buƙatar masu ilimin sinadarai da za su haɗa irin waɗannan ruwaye a gida, domin annoba ta gaba kada ta same mu muna jiran jirgi.

Tambayoyin mako

Ta ɗaya: me ya sa ake saka ruwan da aka zuba wa DEPC a tukunyar tururi kafin a yi amfani da shi?

Ta biyu: a cikin dabaru huɗu da muka lissafa, wacce ce take gasa da RNA wajen shiga bakin inzayim?

Ta uku: ma'aikaci ya ɗebi samfuri a Fagge da rana tsaka, ƙanƙarar kularsa ta narke kafin ya isa ɗakin gwaji, sakamako kuma ya nuna babu ƙwayar cuta. Da ku ne shugabannin ɗakin gwajin, me za ku yi, kuma don me?

Ku rubuto amsoshinku tare da sunanku da ajinku da sunan makarantarku. Za mu buga sunayen waɗanda suka amsa daidai. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar karatu.